Daga Ƙarƙashin Ruwa Zuwa Cikin Jirgin Sama

Nutso da tukunyar iska, wanda aka fi sani da sukuba, shi ne mutum ya shiga ƙarƙashin ruwa yana numfashi daga silindar da ya goya a baya. Wasu Faransawa biyu ne suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan aiki a shekarar 1943, wato Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da injiniya Emile Gagnan. Kafin zuwansu, mai nutso sai ya kifa ƙaton kwalkwalin tagulla a kai, ya sa takalma masu nauyin dalma, ana hura masa iska ta bututu daga cikin jirgin ruwa. Bayan zuwansu, nutso ya zama abin da ɗan yawon buɗe ido zai biya kuɗi ya ɗanɗana a yini guda. Haɗurran da kowa ke tunawa a wannan harka su ne ƙarewar iska, da igiyar ruwa, da kifi mai cizo. Akwai kuma wanda ba a cika sani ba, wanda ke biyo mutum bayan ya fito daga ruwa lafiya lau, ya yi wanka, ya haɗa kayansa. Shi ne haɗarin hawa jirgin sama, ko hawa tudu mai tsayi, kafin jiki ya gama fitar da iskar da ya sha a ƙasan ruwa.

Mai karatu a Jalingo zai iya cewa ina ruwan Taraba da wannan magana, jihar da ba ta da teku. Ruwanta da yawa. Mutanen jihar suna zuwa Umara da Hajji, kuma birnin Jidda yana bakin Bahar Maliya, ɗaya daga cikin tekunan da masu nutso suka fi so a duniya. Wasu suna zuwa Masar karatu ko neman magani ko hutu, su leƙa Sharm al-Shaikh ko Hurgada, inda ake tallar nutso a ƙofar kusan kowane otal. Wasu Dubai suke zuwa, wasu Zanzibar. Akwai samarin jihar da ke cikin rundunar sojan ruwa, da masu aiki da kamfanonin mai a gaɓar teku, waɗanda ke komowa gida hutu da zarar an sallame su. Akwai kuma aikin gadoji da madatsun ruwa, irin madatsar Kashimbila da ke kan kogin Katsina-Ala a ƙaramar hukumar Takum, inda duba ƙofofin ruwa da gindin gini kan buƙaci masu nutso. Bayan duk wannan, Taraba na da abin da yawancin jihohin Najeriya ba su da shi, wato tsaunin Mambila, wanda tsayinsa ya kusa yi wa jiki abin da jirgin sama ke yi masa.

Tushen maganar shi ne matsin iska. Iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi, kuma tana danne kowa da kowa dare da rana, sai dai jiki ya saba, ba ya ji. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya sauka zurfin mita 10 a cikin teku, matsin da ke kansa ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. A mita 20 ya zama ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Ruwan kogi ma kusan haka lissafinsa yake. Na'urar numfashi tana ba mai nutso iska daidai da matsin wurin da yake, domin idan ba haka ba ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. Ke nan wanda ke zurfin mita 30, kowane numfashi da ya ja yana ɗauke da iska ninki huɗu na wanda zai ja a tudu.

Iskar da ake shaƙa kuwa gauraye take. Kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda jiki ke amfani da ita. Kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya yin komai da ita, shiga take ta fita. To amma wani masani ɗan Ingila, William Henry, ya nuna a shekarar 1803 cewa gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon yawan iskar da ke narkewa a cikin ruwa. Jikin ɗan Adam kuma yawancinsa ruwa ne. Saboda haka muddin mutum na ƙasa, naitirojin na ratsawa daga huhu zuwa jini, daga jini zuwa tsoka da kitse da gaɓoɓi da laka, tana taruwa. Yawan abin da ya taru ya danganta da zurfin da aka kai da kuma daɗewar da aka yi. Taruwar tata ba ta ciwo matuƙar matsin na nan.

Matsalar tana tasowa ne idan an rage matsin. Kwalbar lemo a rufe ruwanta shiru yake, ba a ganin komai a ciki. Idan aka sassauta murfin a hankali, iskar za ta sulale ta fita. Idan aka ɓalle shi farat ɗaya, sai kumfa ta taso. Haka naitirojin take a jikin mai nutso. Idan ya taso a hankali, jini zai kwashe ta ya kai huhu, ta fita da numfashi. Idan ya taso da gaggawa, sai ta zama ƙananan kumfa a cikin jini da nama. Kumfar nan tana toshe ƙananan jijiyoyin jini, tana danne jijiyoyin ji, tana kumbura wurin da ta tsaya. Wannan shi ne ciwon nutso.

Ba a wajen masu yawon shaƙatawa aka fara gane ciwon ba, a wajen leburori ne. A ƙarni na 19, masu gina gadoji a Turai da Amurka sun riƙa saukar da manyan akwatuna zuwa ƙasan kogi, su cika su da iska mai matsi don ruwa kada ya shiga, ma'aikata su yi ta haƙa a ciki. Da an tashi aiki sun fito, sai wasu su kama ciwon gaɓoɓi mai tsanani, wasu ƙafafunsu su shanye, wasu su mutu. A aikin gadar Brooklyn ta birnin New York, ciwon ya kama babban injiniyan aikin kansa, Washington Roebling, a 1872, har ya kasa komawa bakin aiki, matarsa Emily ta riƙa kai umarninsa ga ma'aikata har aka buɗe gadar a 1883. Bafaranshe Paul Bert ne ya tabbatar a 1878 cewa kumfar naitirojin ce sanadi. Sannan a 1908 John Scott Haldane, wanda rundunar sojan ruwan Birtaniya ta ba aikin bincike, ya fitar da jadawalin farko na yadda mai nutso zai riƙa tasowa mataki-mataki, bayan gwaje-gwajen da ya yi da awaki. Babban abin da Haldane ya gano shi ne sassan jiki ba sa sha ko sakin naitirojin da sauri ɗaya. Jini da ƙwaƙwalwa suna cika da wuri, su saki da wuri. Kitse da gaɓoɓi da ƙashi suna cika a hankali, kuma suna daɗewa ba su saki ba.

Wannan jinkiri na wasu sassan jiki shi ne ya haɗa nutso da jirgin sama. Mai nutson da ya bi ƙa'ida, ya taso a hankali, ya tsaya minti uku a zurfin mita biyar kamar yadda ake koyarwa, yana fitowa ne da ragowar naitirojin a jikinsa. Jadawalin bai yi alkawarin fitar da ita duka ba. Abin da ya yi kawai shi ne rage ta zuwa adadin da jiki zai iya riƙewa a matsin bakin teku ba tare da ta yi kumfa ba. Sauran za ta ci gaba da fita cikin sa'o'i masu yawa, mutum na cin abinci, yana barci, yana yawo a kasuwa. Sharaɗin lissafin duka shi ne mutum ya zauna a matsin bakin teku har ta gama fita.

Jirgin fasinja yakan yi tafiya a tsayin mita dubu goma zuwa dubu goma sha biyu, inda iska ba ta isa mutum ya rayu ba. Don haka ake cusa iska a cikin jirgin. Sai dai ba a mayar da matsin daidai da na ƙasa, domin hakan zai buƙaci gangar jirgi mai kauri da nauyi. Abin da ake yi shi ne a riƙe cikin jirgin kamar ana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A mita 2,400 matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Fasinjan da bai yi nutso ba iyakar abin da zai ji shi ne toshewar kunne. Wanda ya fito daga ruwa ɗazu kuwa, a wajen jikinsa tashin jirgin ci gaba ne da tasowar da ya fara daga ƙasan teku, kuma tasowa ce ta 'yan mintoci, ba tare da tsayawa ba. Kumfar da ba ta fito a bakin gaɓa ba tana iya fitowa a sama, wadda ta riga ta fito ƙanana kuma ta ƙara girma. A lokacin mutum na kan kujera, tsakaninsa da magani akwai sa'o'i da ƙasashe.

Ƙa'idar da aka fi bi a yau ta fito ne daga wani taron masana da ƙungiyar Divers Alert Network ta shirya a shekarar 2002, bisa gwaje-gwajen da aka yi a jami'ar Duke da ke Amurka. Wanda ya yi nutso sau ɗaya tak, wanda bai kai na tilasta tsayawa a hanya ba, ya jira aƙalla awa 12 kafin ya hau jirgi. Wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya a rana, ko ya jera kwanaki yana yi, ya jira aƙalla awa 18. Wanda ya yi nutso mai zurfi ko mai tsawo har ya zama dole ya riƙa tsayawa mataki-mataki kafin ya fito, jiransa ya zarce awa 18 sosai. Waɗannan alƙaluma mafi ƙaranci ne, kuma na wanda ba ya jin komai a jikinsa ne. An yi gwajin ne a kan mutane masu lafiya, a zaune, a busasshen ɗaki, ba a kan wanda ya sha sanyin ruwa da gajiya da rana ba. Shi ya sa malaman nutso da yawa suke cewa a bar kwana guda cur, awa 24, kuma wannan shawara ta fi dacewa da matafiyin da zai dawo inda magani ke da nisa. Kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo tana nuna sauran sa'o'in da suka rage kafin a hau jirgi. Idan lissafinta ya saɓa da na ƙa'ida, wanda ya fi tsawo ake ɗauka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ranar ƙarshe ta tafiya. An gama abin da ya kawo mutum, an yi tsaraba, jirgi sai dare, ga yini guda babu abin yi. A irin wannan rana ce mai talla zai ce ga nutson gwaji na masu koyo, mita 12 kawai, rabin awa. Ba kowane mai talla ne zai tambayi lokacin tashin jirgi ba, kuma baƙon da bai taɓa jin wannan magana ba ba zai faɗa ba. Nutson gwaji ma nutso ne, awa 12 ɗin tana kansa. Abin da ba shi da wannan sharaɗi shi ne iyo a saman ruwa da tabarau da ɗan bututun numfashi, domin mai yin sa iskar sarari yake shaƙa. Tsarin da ya dace shi ne a sa nutso a farkon tafiya ko tsakiyarta, a bar ranar ƙarshe ga kasuwa da ziyara.

Ziyarar ma sai an duba wace iri ce, domin jiki bai san bambancin jirgi da mota ba, raguwar matsi kawai ya sani. Ƙa'idar 2002 ta fara aiki ne daga tsayin kusan mita 600. Garin Ɗa'ifa, wanda masu Umara ke yawan ziyarta daga Makka, yana kan tsayin da ya kai mita 1,800. Dutsen Ɗuri Sinina, wanda ake kai baƙi daga Sharm al-Shaikh su hau da dare, ya haura mita 2,200. Matafiyin da zai yada zango a Addis Ababa, kamar yadda masu dawowa Kano da Abuja da yawa ke yi, zai sauka a birnin da ya haura mita 2,300, wato ko ya fita daga jirgi matsin bai dawo masa ba.

A nan ne maganar ta dawo gida. Jalingo da Lau da Ibi da Wukari duk suna cikin kwarin Binuwai, ƙasa da mita 600 ɗin nan. Amma wanda ya kama hanyar Bali, ya wuce Serti, ya isa Mayo Selbe, daga nan hanya za ta fara murɗawa tana hawa, cikin ɗan lokaci sai ga shi a Maisamari, sai Nguroje, sai gonakin shayi na Kakara, sai Gembu. Matsakaicin tsayin Mambila ya kai kimanin mita 1,600, wasu wuraren sun fi haka. Ƙololuwar Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti, wadda ita ce mafi tsayi a Najeriya, ta kai mita 2,419, daidai da iyakar abin da ake samu a cikin jirgin fasinja. Ma'aikacin da ya yi nutso da silinda a gindin wata gada ko madatsa da safe, ya shiga mota da rana don ya kwana a Gembu, a lissafin likitocin nutso ya hau jirgi ne. Haka wanda ya tsallaka Binuwai a Ibi ya bi ta Shendam ya haura Jos, wadda ke kan kusan mita 1,200. Ƙananan jirage da masu saukar ungulu, irin waɗanda kamfanonin gine-gine ke ɗaukar ma'aikata da su, yawancinsu ba a cusa musu iska, don haka tsayin da suka kai shi ne tsayin da jiki ya kai. Shi kuma nutso a wani tafki ko rafi a kan Mambila kanta lissafinsa daban ne. Jadawalin da aka saba da shi an yi shi ne don bakin teku, kuma daga tsayin mita 300 ake fara gyara shi.

Labarin da ya fi nuna girman wannan al'amari a Najeriya ya faru ne a ranar 26 ga Mayu, 2013. Wani jirgin ruwa mai jan manyan jirage, Jascon-4, ya kife a tekun da ke kusa da Escravos a jihar Delta, ya nutse zuwa zurfin kusan mita 30 da mutum 12 a ciki. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu kusan awa 60. Masu nutson da aka turo don ɗauko gawarwaki ne suka same shi da rai. Duk da haka ba su fito da shi sarari ba. Iskar da ya yi kwana biyu da rabi yana shaƙa tana ƙarƙashin matsi ninki huɗu, jikinsa ya ƙoshi da naitirojin har ba wurin ƙari, kuma da an ɗago shi kai tsaye da bai kai labari ba. Sai aka sa masa kayan numfashi, aka shigar da shi wata ƙwarya ta ƙarfe mai riƙe matsi, daga nan aka mayar da shi ɗakin matsin iska a cikin jirgin ceto, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage masa matsin kaɗan-kaɗan. Shi kaɗai ya tsira a cikin ma'aikatan jirgin, kuma daga baya ya koyi aikin nutso ya zama sana'arsa.

Alamomin ciwon nutso sukan bayyana cikin sa'o'i shida na farko, kusan duka cikin awa 24, sai dai hawa jirgi na iya tayar da su bayan haka. Mafi yawa ciwo ne mai nisa a cikin gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, wanda tausa ba ta rage shi. Akwai ƙaiƙayi da tabbai a fata, da gajiyar da ta fi ƙarfin aikin da aka yi. Masu tsanani su ne waɗanda suka taɓa laka da ƙwaƙwalwa: mutuwar hannu ko ƙafa, jin kamar ana tsira allura, rashin ƙarfi, tangaɗi, jiri, riƙewar fitsari, ruɗewa, dishewar gani, sarƙewar numfashi. Babbar matsalar ita ce kowace daga cikin alamomin nan tana da abin da za a jingina ta da shi. Ciwon kafaɗa a ce ɗaukar jaka ne, gajiya a ce ta hanya ce, ciwon jiki a ce zazzaɓin cizon sauro ne, shanyewar ƙafa a ce hawan jini ne ko iska. Likitan da ke asibiti a Jalingo ko Wukari ba shi da dalilin kawo nutso a ransa idan ba a gaya masa ba. Saboda haka duk wanda ya ji wani abu bayan nutso, ko danginsa da suka kawo shi, maganar farko da za su faɗa wa likita ita ce ya yi nutso da silinda, ga rana, ga zurfi, ga lokacin da ya hau jirgi. Wanda kuma alamar ta fara masa tun kafin tafiya, kada ya hau jirgin ko da kuɗin tikiti zai salwanta.

Taimakon farko shi ne a kwantar da mutum a miƙe, a ba shi tsantsar oksijin ta abin rufe hanci da baki, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa. Oksijin tana hanzarta fitar naitirojin, kuma ana samun ta a manyan asibitoci. Sau da yawa alamomin sukan lafa da ita, amma lafawar ba warkewa ba ce. Ainihin maganin shi ne ɗakin matsin iska, wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe da ake shigar da majiyyaci, a ɗaga matsin zuwa kwatankwacin zurfin mita 18, kumfar ta ƙanƙance, yana shaƙar oksijin, sannan a riƙa ragewa a hankali. Tsarin da aka fi amfani da shi, na sojan ruwan Amurka, yana ɗaukar kusan awa biyar, wani lokaci a maimaita. Gwargwadon saurin isa, gwargwadon fatan warkewa sarai. Mayar da mutum cikin ruwa don a danne kumfar dabara ce da likitoci ke hanawa ga wanda ba shi da horo da kayan aiki, domin yana iya suma a ƙasa. Sharm al-Shaikh na da irin wannan ɗaki saboda yawan masu nutso. A Najeriya kuwa galibinsu suna gaɓar teku, a hannun masu aikin ƙarƙashin ruwa na harkar mai, ɗaruruwan kilomita daga Taraba. Ga kuma wata sarƙaƙiya: idan za a ɗauki majiyyacin a jirgi daga filin jirgin Danbaba Suntai da ke Jalingo, dole jirgin ya kasance wanda zai riƙe matsin ƙasa a cikinsa, ko ya yi tafiya ƙasa da mita 300. Jirgin fasinja na yau da kullum ƙara masa ciwo zai yi.

Nutso bayan sauka daga jirgi ba shi da matsalar naitirojin, amma yana da tasa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, doguwar tafiya tana rage ruwan jiki, ga rashin barci. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin ciwon nutso, don haka ya kamata a huta, a sha ruwa, a bar nutso sai washegari. Wannan ya shafi mai azumi, musamman masu zuwa Umarar Ramadan a lokacin zafi. Mai mura shi ma ya haƙura, domin hanyar da ke daidaita matsi tsakanin maƙogwaro da kunne a toshe take, kuma dodon kunne na iya fashewa a 'yan mitoci kaɗan. Akwai waɗanda likitoci ke hana su nutso da silinda gaba ɗaya ko sai bayan bincike: mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai asma, mace mai juna biyu, da mai ciwon sikila. Na ƙarshen nan ya fi shafar Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon ciwon. Takardar tambayoyin lafiya da ake miƙa wa baƙo kafin ya shiga ruwa an yi ta ne don a gano irin waɗannan, kuma wanda ya cike ta da ƙarya don kada a hana shi kansa ya cuta.

Kayan nutso ma suna da dokarsu a filin jirgi. Ba a karɓar silinda cike da iska, sai an juye ta, a wurare da yawa ma sai an kwance bakinta don jami'ai su leƙa ciki. Wuƙar nutso tana tafiya a jakar da ake aunawa, batiran fitila na litiyom kuma a jakar hannu.

Masu nutso na gargajiya da ke bakin Binuwai da Donga da kogin Taraba, da masuntan da ke taruwa a bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, da waɗanda Sarkin Ruwa ke kira idan kwale-kwale ya kife, numfashinsu suke riƙewa. Da numfashi ɗaya suke sauka, da shi suke tasowa, kuma kogunan ba su da zurfin da zai tara musu naitirojin mai yawa. Don haka dokar jira ba ta cika hawa kansu ba, ko da yake an ga irin wannan ciwo a tsibiran Tuamotu na tekun Fasifik, a wajen masu neman lu'ulu'u da ke maimaita nutso mai zurfi yini guda. Lamarin yana canzawa ne ranar da aka kawo injin hura iska, irin na masu faci, aka jona masa tiyo, mutum ya kama bakin tiyon ya sauka ɗiban yashi ko ciro kaya. Daga wannan lokaci iska mai matsi yake shaƙa, duk lissafin Haldane ya hau kansa, alhali ba shi da jadawali, ba agogo, ba ma'aunin zurfi. Idan injin ya tsaya ya taso a firgice yana riƙe da numfashi, iskar da ke huhunsa tana ninkuwa biyu tsakanin mita 10 da saman ruwa, tana iya yaga huhun ta shiga jini. Injin kuma yana iya zuƙo hayaƙinsa mai guba ya tura masa. Nutso da iska mai matsi ba tare da horo ba ya nakasa ɗimbin masunta 'yan ƙabilar Miskito a ƙasashen Honduras da Nikaragwa. Duk ɗan kwangilar da ya sa mutum aiki da tiyo ko silinda a kogunan Taraba, wajibinsa ne ya rubuta zurfi da mintocin kowane nutso, ya ajiye tukunyar oksijin a bakin ruwa, ya san ɗakin matsin iska mafi kusa da yadda za a kai mutum can, kuma ya hana ma'aikacin kama hanyar Gembu ko ta Jos ko shiga jirgi sai washegari.